Cinikin Damon Kwarin Maje

Daga Fagge zuwa Wudil

Tun kafin ladan ya kira assalatu muka ɗaura wa jakai akumari, ni da Tanko. Sallar asuba a bayan gari muka yi ta. Bazara ce, lokacin da matafiyi ke cin rabin hanyarsa kafin rana ta ɗaga, a shekarun da kamfanonin Turawa suka fara sayen fatar damo da ta guza. Kafin nan ƙirgi da fatar akuya muka sani. Ranar da akawun wani kanti ya ce a can ƙasarsu takalman mata ake yi da fatar damo, kowa ya yi dariya, amma washegari kowa ya bazama nema.

Sunana Inuwa, sana'ata fata, kuma ban gaje ta ba. Mahaifiyata 'yar Kwarin Maje ce, wani ƙauye tsakanin Jahun da Dutse. A can na yi wayo, daga can na tako Kano da ƙafa, na fara da dakon ƙirgi a majema har Allah ya ba ni rumfa tawa. Abin da ya tashe ni wannan tafiya saƙon baki ne da wani mai dabino ya kawo mini daga Kawu Isiyaku, yayan mahaifiyata, wanda shi ne mai unguwar ƙauyen. Ya ce in zo kafin ruwa ya sauka, maganar damon kurmi ce. Na san kurmin nan, na san abin da ke cikinsa. Na ce a raina tsoho ya ji labarin kuɗin fata, yana so na gida ya ci. Na je na gaya wa akawu ya saurare ni da fata mai kyau.

Tanko mai jakai ne, magidanci, mun daɗe muna tafiya tare, bakinsa ba ya hutawa.

"Maigida, wai da gaske matan Turawa damo suke sawa a ƙafa?"

"Haka akawu ya ce."

"To Allah ya kyauta. Mu mu ci shi da yaji, su su yi yawo a cikinsa. Kowa da rabonsa."

Da la'asar sakaliya muka isa Wudil. Kogi ya ja baya, ruwa bai wuce gwiwa ba, masu fito na zaune a kan jiragensu suna gyaran taru. Duk da haka babbansu ya miƙo hannu, na sa masa goro, ya ce mu bi ta dama, hagu akwai laka. Mun sauka a gidan wani fatoma da na saba da shi, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka mai bandan kifi. Har yau ban sake cin miyar kuka irin ta Wudil ta wancan zamani ba, ko kuwa bakina ne ya tsufa.

Gaya da Aujara

Daga Wudil muka yi Gaya, muka kwana, muka nausa gabas maso arewa. Wanda ya san hanyar nan yau ba zai gane ta a bakina ba. A lokacin kana fita gari sai daji, marke da ƙargo da ɗorawa, jaki na tafiya a inuwa har azahar. Gyaɗa ta fara cin dajin, amma ba ta gama da shi ba.

Kafin mu shiga Aujara muka ratsa wani kwari da na sani tun ina yaro, inda fatake ke shayar da dabbobi. Na tarar da shi baƙi ƙirin. Manyan itatuwa sun zube, wasu na tsaye amma cikinsu ya ƙone, rijiyar da ke gindinsu ta cika da toka da rairayi. Wata tsohuwa mai fura na zaune a bakin hanya, muka saya, na tambaye ta ko gobara ce.

"Gobarar masu damo ce, ɗan nan. Yanzu ai damo yana cikin kogon itace, ba ya fitowa. Sai su cusa wuta a kogon, in ya fito su buge shi. Itacen kuwa ya yi ta ci har ya faɗi."

"Mutanen wa?"

"Wani Ɗan'azumi, Bakano irinku. Jakadan hakimi ne ya rako shi, wa zai ce a'a?"

Na san Ɗan'azumi. Rumfarsa ba ta da nisa da tawa, dillali ne mai zafin nema, ba mugu ba ne, gaggawa ce ta yi masa yawa. A Aujara na ga fatun da mutanensa suka shanya a bayan wani gida, an kafe su da tsinke. Na juya su ɗaya bayan ɗaya da idon mai saye. Da yawa wuta ta lashe su, akawu ba zai karɓa ba. An ƙona kwari guda don fatar da rabinta za a zubar.

Jahun

A Jahun muka sauka gidan wani malami da ke karɓar baƙi a zaurensa. Kasuwa ta ci, na sayi fatar akuya ja 'yar kaɗan don kada jakai su yi tafiyar banza, har lokacin a can wasu na karɓar kuɗin wuri, anini sai an juya shi an duba hudarsa. A rumfar mahauta na ji cewa Ɗan'azumi yana garin, yana tara 'yan farauta, kuma Kwarin Maje ya nufa. Ban neme shi ba. Na ce wa Tanko mu yi sammako.

Kwarin Maje

Tun daga nesa na hango kurmin, kore shar a tsakiyar ƙasar da ta bushe, kan maje da kanya sun haɗe kamar rufin ɗaki. Da hantsi muka shiga ƙauyen. Ladi ce ta fara ganina, 'yar Kawu, taubashiyata, wadda ta dawo gida tana kula da shi bayan rasuwar mijinta. Tana sussuka a ƙofar gida, ta ajiye taɓarya ta riƙe ƙugu.

"A'a, ga bawana ya dawo. Tun daga rafi na jiyo warin jima, na ce ko kura ce ta mutu."

"Uwar ɗakina, har yanzu ba a sami mai ɗauka ba?"

"Ana layi. Ina jiran mai wanka ne, shi ya sa ban ce da kai ba. Shigo, Baba yana zaure."

Kawu ya tsufa fiye da yadda na zata, amma idonsa garau. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, aka kawo fura da nono. Bai ce komai a kan damo ba sai da na huta. Bayan la'asar ya ɗauki sandarsa ya ce in biyo shi.

Kana sa ƙafa cikin kurmin nan sai ka ji sanyi ya taso daga ƙasa. Ganye ya ruɓe ya yi laushi, ƙanshin danshi ko'ina, a tsakiya ga idon ruwan da duk ƙauyen ke sha, ba ya ƙafewa ko a ƙarshen bazara. Nan muka yi wasan ɓuya da Ladi muna yara, nan mahaifiyata ke aiko ni tsintar kanya. Kawu ya tsaya gindin wani tsohon maje, ya nuna mini kogo da sandarsa. Na leƙa. Sai da idona ya saba da duhu na ga damo kwance, kansa a kan hannayensa, fatarsa ta yi yaushi, ido ɗaya a buɗe.

"Tun da aka gama girbi yake nan," in ji Kawu. "Ba ci, ba sha. Kitsen da ya tara da damina shi yake ci a hankali. Ai ba a banza ake ce masa sarkin haƙuri ba. Ruwan farko na sauka zai fito, ya bi gyare da ƙadandoniya da katantanwa, kunama ma haɗiye ta yake yi. Ka taɓa jin kunama ta harbi yaro a bakin ruwan nan?"

Na ce ban taɓa ji ba.

Ya kai ni wani wuri mai rairayi a gindin tsohon suri, inda rana ke ɗan ratsowa. Ya ce a nan matan damo ke binne ƙwai a ƙarshen damina, su rufe, su tafi abinsu. Ƙwan na nan ƙarƙashin ƙafarmu yanzu haka, sai an fara jin ƙanshin ruwa 'ya'yan za su fito, kowanne bai fi yatsa ba, su shige ramin gyare. Ya ce guza daban ne, shi na ruwa ne, ɓarawon ƙwan kaji, mai dogon wutsiya da saurin fushi. Damo kuwa in ka tare shi sai ya kumbura, ya yi huci, in ya ga ba mafita ya kwanta kamar ya mutu.

"Ka san damo kan gidanmu ne. Uwarka ba ta ci ba, ni ban ci ba, kakanmu bai ci ba. Malamai sun ce al'ada ce, ba addini ba, na kuma yarda. Ban hana kowa kama nasa a gona ba. Amma na kurmi ba a kama shi a bazara sai da wuta, in aka sa wuta itace ya tafi, in itace ya tafi ruwan nan ya bi shi. Ka biyo ta Aujara?"

"Na biyo, Kawu. Na gani."

"To gobe masu wutar nan suna zuwa. Jakada ya aiko cewa Ɗan'azumi baƙon hakimi ne, a yi masa abin da yake so. In na ce a'a, an ce na raina na gaba, a ba wani unguwar, shi kuma ya ce to. In na ce to, ni na kashe ruwan garin da hannuna. Kai ne ka san mutanen nan. Shi ya sa na kira ka."

A nan na gane ba saye aka kira ni ba. Ba zan ɓoye ba, na tuna akawu, na tuna jakai uku da na jawo tun daga Fagge. Amma ruwan da na sha na girma ne a gabana. Muka zauna a kan wani gungume, na yi ta juya maganar kamar yadda nake juya fata.

"Kawu, Ɗan'azumi ya taɓa zuwa nan? Me ya ce?"

"Ya gaishe ni, ya ajiye goro, ya ce zai dawo da mutanensa."

"Ya taya?"

"Taya me?"

"Damon. Ya faɗi abin da zai ba gari a kan kowace fata?"

"Bai faɗa ba. Mai jakada a bayansa ina ruwansa da tayi?"

Na sake tambayarsa, don a nan maganar take. Ya ce ko da wasa bai ambaci farashi ba, liman na wurin. Na ce to gobe a tara dattawa tun da wuri, a kira liman. Zan taya damon kurmi a gaban kowa, kuma tayi na gaske, in ya sallama zan biya in kwashe. Ya dube ni da kyau.

"Kada ka sallama, Kawu. Kada kuma ka ce albarka."

Can sai na ga gemunsa na rawa, dariya yake yi.

Ranar ciniki

Wanda ba ɗan kasuwa ba ne zai so in yi masa bayani. In mai saye ya taya kaya, amsa biyu ce. Mai kaya ya ce ya sallama, ciniki ya faɗa. Ko ya ce albarka, wato bai kai ba, kowa na iya shigowa ya taya nasa. Amma muddin bai faɗi ɗaya daga cikin biyun ba, ciniki na buɗe, kuma ba mai sa baki. Shari'a ta hana ciniki a kan ciniki, dillalai kuma sun fi shari'a tsanani a kai. Wanda ya tsallake tayin ɗan'uwansa, labari zai riga shi isa kasuwa, ba mai sake ba shi ajiyar kaya.

Da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiyar ƙofar gida. Ana cikin gaisawa sai ga Ɗan'azumi a kan doki, 'yan farauta na biye da shi da karnuka da gatura. Jakada bai zo ba, ya ga ba sai ya wahalar da kansa ba. Ɗan'azumi ya sauka, ya gan ni, fuskarsa ta canza.

"Inuwa, me ya kawo ka nan?"

"Abin da ya kawo ka. Bari in gama, ina tsakiyar magana."

Na juya wajen Kawu, na ɗaga murya yadda na bayan zaure zai ji.

"Ranka ya daɗe, na taya damon kurmin nan gaba ɗaya, kwabo kowace fata."

Kawu ya shafa gemu, ya dubi sama, ya dubi ƙasa.

"To, ɗan nan. Na ji tayinka. Bai yi mini nisa ba. Bari in yi shawara."

"Kwabo?" in ji Ɗan'azumi. "Ranka ya daɗe, ni zan ba da..."

Liman ya ɗaga hannu. Tsoho ne mai sanyin murya.

"Malam, dakata. An taya a gabanka, mai kaya bai ce albarka ba. Ba ka da baki tukuna."

"Allah gafarta Malam, ai ni na fara zuwa. Na kawo goro."

"Mun ci, Allah ya saka. Goro gaisuwa ce. Ka taya?"

Ɗan'azumi ya ce wannan haɗin baki ne na kawu da ɗan ƙanwarsa. Liman ya ce ko tsakanin uba da ɗa ciniki ciniki ne, ya kuma tambaye ni a gaban jama'a ko zan biya in an sallama. Na ce zan biya, ga jakaina can a ɗaure. Ɗan'azumi ya juyo kaina.

"To yaushe zai gama shawarar?"

"Ka taɓa ganin mai saye ya sa wa mai kaya rana? Ni ma jira nake yi."

Ladi na leƙe ta kan danga, ta ce da ƙarfi wai ita da wata take yi: "Baba ai shawarar auren Inna ma sai da ya shekara yana yi." Dattawa suka sunkuyar da kai suna murmushi.

Na ja Ɗan'azumi gefe, don ba na son mutum ya tafi da kunya, gobe za mu haɗu a rumfa. Na ce masa ya gaya wa jakada gaskiya, ya tarar da ciniki a kai. Ba wanda ya ce wa hakimi a'a, kuma ba jakadan da zai so a kai shi gaban alƙali a kan ya sa an tsallake tayi. Na kuma gaya masa fatun Aujara da na gani, na ce ya jira damina ya sayi na gona a hannun manoma, fata lafiyayya ba ƙuna. Ya yi tsaki, ya ce na cuce shi, sannan ya tambaye ni nawa akawu ke karɓar mai tabon wuta. Na faɗa masa. Ya hau dokinsa. Kafin azahar karnuka sun bar garin.

Dutse

Kwana biyu na ƙara a Kwarin Maje. Ladi ta yi mana dambu da zogale, ta ce in ci in ƙoshi tunda na zo fatauci zan koma da iska. Da za mu tashi Kawu ya rako mu har bakin kurmi. Na durƙusa na yi masa sallama, na ce, "Kawu, cinikin nan fa?" Ya ce, "Ina shawara."

Muka bi ta Kiyawa muka shiga Dutse da yamma, duwatsu sun yi ja da hasken rana, dabino na tsaye a tsakaninsu. An yi sa'a lokacinsa ne. Ɗan kasuwa ba ya komawa da jaki ba kaya, don haka na cika mangaloli da dabino, busasshe mai kyau wanda zai jure hanya. Tanko ya ci har ya kwanta yana nishi a zauren masaukinmu.

"Maigida, mun fito neman damo mun koma da dabino. In an tambaye ni a Fagge me zan ce?"

"Ka ce ana ciniki."

Komawa gida

Ta Gaya muka dawo. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, a Wudil muka tarar ruwa ya ɗan ƙaru, wannan karon sai da muka biya fito. Mun shiga Fagge ana kiran magariba, na tarar da iyali lafiya.

Akawu bai ji daɗi ba. Wannan shekarar ya ba wani wurina, sai da na yi ta kai masa fatar akuya zaɓaɓɓiya kafin ya sake sakin fuska. Dabinon ya fitar da wahalar jakai, bai wuce haka ba. Ɗan'azumi ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata, daga baya muka koma cin goro tare, har ya riƙa ba da labarin da bakinsa yana dariya.

Duk shekara in na bi ta gabas sai na tsaya Kwarin Maje in gaida Kawu in tambaye shi cinikin, shi kuma ya ce yana shawara. Dillalai sun zo bayan Ɗan'azumi, kowanne aka gaya masa akwai tayin Inuwa a kai, ya juya. Da Allah ya yi wa Kawu rasuwa, Ladi ta aiko mini, bayan gaisuwar ta'aziyya ta ce a gaya wa bawanta Baba ya tafi bai sallama ba. Wanda ya gaje shi ya tambaye ni ko na janye. Na ce ban janye ba. Ya ce to shi ma zai yi shawara.

Yanzu ƙafa ta ƙi, na daina tafiya. Masu zuwa sun ce gonakin gyaɗa sun ci gefen kurmin, dajin da muka ratsa da Tanko babu shi, amma manyan itatuwan da ke kewaye da idon ruwan na tsaye, mata na ɗiba har ƙarshen bazara. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa fatoman Wudil da malamin Jahun da duk wanda ya ba mu ruwa a hanya, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. In kuma akwai dillalin da wannan labari ya sa ya yi sha'awar damon Kwarin Maje, ya yi haƙuri, akwai ciniki a kai.